Gannibal: Sunan da Ɗan Afirka Ya Zaɓa wa Kansa a Ƙasar Rasha

Wanda ya saba jin labaran ƙasar Rasha a rediyo ya san yadda sunayen mutanen can suke ƙarewa. Ana jin Ivanov, da Petrov, da Popov, da Gagarin, kusan kowannensu da wutsiyar "ov" ko "ev" ko "in". Amma a cikin tarihin manyan gidajen Rasha akwai wani suna da ya fita dabam, kamar zabo a cikin kaji. Sunan kuwa shi ne Gannibal. Ba shi da wutsiyar da sauran suke da ita, ba kuma daga harshen Rashanci ya tsiro ba. Duk da haka janar-janar sun amsa shi, mahaifiyar mawaƙin da Rashawa suka fi girmamawa kuma da shi aka haife ta. Wanda ya fara sunan nan yaro ne da aka sato daga Afirka yana da shekara wajen 7.

Kafin a gane abin da yaron nan ya yi, sai an san yadda Rashawa suke kiran mutum. Cikakken sunan Barashe kashi uku ne. Na fari shi ne wanda Bahaushe zai ce da shi sunan yanka, wanda a zamanin dā firist yake ba jariri ranar baftisma, yawanci daga sunayen tsarkaka. Na biyu sunan uba ne. Na uku kuwa sunan zuriya, wanda yake bin gida daga kaka zuwa jika. Wutsiyar nan "ov" ko "in" ma'anarta "na wane". Ivanov na Ivan ke nan, wato ɗan Ivan. Kuznetsov ɗan maƙeri ne, Popov kuma ɗan firist. Da fari amsa ce kawai ga mai tambaya, ɗan wane ne kai? Daga baya sai ta manne wa gida duka.

Akwai kuma wata wutsiya ta sunan uba, wato "vich", kamar a Petrovich ko Ivanovich. A yau kowane Barashe yana da ita, amma a dā rawani ce, ba kowa ake naɗa wa ba. Manyan fadawa ne suke amsa ta, wani lokaci kuma sarki yakan ba attajirin da ya yi masa babbar hidima izinin amsa ta, kamar yadda aka yi wa gidan Stroganov a shekarar 1610. A zamanin Sarauniya Katarina ta Biyu har doka aka yi, cewa masu manyan muƙamai biyar na sama su kaɗai za a rubuta da "vich". Talaka kuwa ko sunan zuriya ba shi da shi. Yawancin manoman Rasha bayin gona ne, ana sayar da su tare da ƙasar da suke nomawa, kusan kamar bayin rinji. Irin waɗannan sai bayan shekarar 1861, sa'ad da Sarki Iskandar na Biyu ya 'yantar da su, mutum wajen miliyan 23, sa'an nan da yawansu suka fara samun sunan zuriya. Saboda haka a Rasha ta wancan zamani, tsawon sunan mutum yana faɗin matsayinsa tun bai buɗe baki ba.

An haifi yaron wajen shekarar 1696. Wajen 1703 ya sami kansa a Santambul, a fadar sarkin Turkawa, cikin yaran da ake kawowa daga Afirka domin hidima. A can Ibrahim ake ce da shi. A lokacin nan sarakunan Turai suna sha'awar a ga baƙin yaro a fadarsu, sanye da tufafi masu ado, domin nuna isa. Jakadan Rasha a Santambul, Bitrus Tolstoy, wanda daga zuriyarsa marubuci Leo Tolstoy ya fito, shi da wani ɗan kasuwa mai suna Sava Raguzinski suka shirya aka fitar da Ibrahim da waɗansu yara a asirce. Suka isa Mosko a ƙarshen shekarar 1704, aka miƙa shi kyauta ga Sarki Bitrus, wanda tarihi yake kira Bitrus Babba.

A shekarar 1705 sarki yana yaƙi da Suwidin, ya sauka a birnin Vilnius, wanda yake cikin ƙasar Lituwaniya ta yau. A can aka yi wa yaron baftisma a majami'ar Paraskeba, sarki da kansa ya tsaya uban baftisma. Aka raɗa masa sunan sarkin, wato Pyotr, Bitrus ke nan da Rashanci. Labarin da iyalinsa suka riƙe ya ce yaron ya ƙi sabon sunan, yana ta kuka in an kira shi da shi, har sarki ya haƙura ya bar masa nasa. Sai dai ba a bar shi Ibrahim ba, aka juya shi zuwa yadda Rashawa suka saba, aka ce Abram. Mai karanta Littafin Farawa zai lura da wani abu a nan. A can Abram ne ya zama Ibrahim, a nan kuwa Ibrahim ne ya koma Abram. Tun da bai san ranar haihuwarsa ba, sai ya ɗauki ranar baftismarsa ta zama ita ce.

Daga nan takardun fada suka riƙa rubuta shi iri biyu. Wani lokaci Abram Petrov, wani lokaci Abram arap. "Arap" kalma ce da Rashawa suka aro daga Turkawa, da ita suke kiran baƙin mutum. Petrov kuwa, bisa ga ƙa'idar da aka faɗa a baya, ma'anarsa "na Bitrus". Kalmar tana da fuska biyu. Ana iya jinta ɗan Bitrus, ana kuma iya jinta kayan Bitrus, gama Rashanci da wutsiya ɗaya yake nuna ɗa da abin mallaka. Ga yaron da aka kawo kyauta, sa'an nan aka yi masa baftisma, dukansu biyu gaskiya ne.

Sarki Bitrus mutum ne mai zafin rai, amma yana da ido a kan mai basira, bai kuma cika damuwa da asalin mutum ba in dai zai yi aiki. Ya ga yaron yana da kai wajen lissafi, sai ya ja shi jiki. Abram ya bi shi yaƙe-yaƙe da tafiye-tafiye, yana yi masa hidima da rubutu. A shekarar 1717 sarki ya ziyarci Faransa, ya bar shi a can domin ya koyi aikin injiniyan soja. Kuɗin da ake aiko wa ɗaliban Rasha ba ya isa, ba ya kuma zuwa a kan kari. Abram ya shiga rundunar Faransa a yaƙinta da Sifen, aka yi masa rauni a ka. Bayan haka ya yi karatu a makarantar igwa ta garin La Fère, inda ake koyar da lissafi da gina ganuwa da yadda ake fasa ta. Ya komo Rasha a farkon 1723 da littattafai masu yawa, aka ba shi muƙamin hafsa a rundunar da take tsaron sarki.

Shekara ɗaya kafin komowarsa, wato 1722, Bitrus ya kafa wani tsari na muƙamai mai hawa 14. Bisa ga tsarin nan, duk wanda ya kai matsayin hafsa a soja ya shiga sahun masu sarauta, shi da 'ya'yansa, ko da ubansa ba kowa ba ne. Wannan ya buɗe wa Abram ƙofa, amma ya kuma kawo masa tambaya. Mai sarauta yana bukatar sunan gida da zai bar wa 'ya'yansa. Petrov kuwa suna ne da dubban sojoji da masu dafa abinci suke amsawa, duk wanda ubansa Bitrus ne Petrov ne.

Sa'an nan inuwar da yake fakewa a ciki ta gushe. Sarki Bitrus ya mutu a 1725. Abram ya ci gaba da koya wa yarima mai jiran gado lissafi, ya kuma rubuta littafi a kan awon ƙasa da gina ganuwa, ya miƙa wa Sarauniya Katarina ta Ɗaya a 1726. Da ita ma ta mutu a 1727, sai babban bafade Menshikov, wanda ragamar mulki take hannunsa, ya tura shi Saiberiya da sunan aiki. Aka yi ta miƙa shi daga gari zuwa gari, daga Kazan zuwa Tobolsk zuwa Irkutsk, har Selenginsk kusa da iyakar ƙasar Sin. Kora ce aka sa wa rigar aiki. Shekara uku ya yi a can cikin sanyin da ba a misaltawa. A nan ya ga iyakar amfanin sunan Petrov. Muddin Bitrus yana da rai, "na Bitrus" garkuwa ce. Da ya mutu, sai ta zama alamar mutumin tsohon sarki, wanda sababbin fadawa suke so su kawar.

Masu tarihi sun rabu a kan lokacin da ya ɗauki sabon suna. Waɗansu sun ce tun yana Faransa, waɗansu kuma sun ce sai bayan mutuwar Bitrus. Takardun shekarun farko bayan komowarsa dai Abram Petrov suke ce da shi, a cikin shekarun 1730 kuwa, sa'ad da aka dawo da shi daga Saiberiya yana aiki a ƙasar Istoniya, sunan ya riga ya zauna. Ya mai da Petrov ya zama Petrovich, ya koma matsayin sunan uba da wutsiyar manya. A wurin sunan zuriya kuma ya sa Gannibal. Abram Petrovich Gannibal ke nan.

To, daga ina sunan ya fito? Gannibal shi ne Hannibal, jarumin birnin Kartaj. Kangon Kartaj yana nan kusa da birnin Tunis, a bakin Bahar Rum. An haifi Hannibal a shekara ta 247 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da Kartaj da Roma suke jayayya a kan wanda zai mallaki tekun. A shekara ta 218 ya tashi daga Sifen da runduna da giwaye 37, ya ƙetare duwatsun Alps masu ƙanƙara, ya faɗa wa Italiya ta inda Romawa ba su zata ba. Shekara biyu bayan haka, a filin Kanna, ya kewaye rundunar Roma da ta fi tasa yawa, ya hallaka mutum fiye da 40,000 a yini ɗaya, bisa ga lissafin marubutan dā. Ya yi shekara 15 a ƙasar abokan gaba. Daga ƙarshe Romawa suka ci shi a Zama a shekara ta 202, ya yi gudun hijira, ya sha dafi a baƙuwar ƙasa domin kada a miƙa shi gare su. Duk hafsan da ya yi makaranta a Turai a zamanin Abram ya karanta yaƙe-yaƙen mutumin nan.

Ma'anar sunan kuwa ta fi kusa da mai karanta Littafi Mai Tsarki fiye da yadda zai zata. Mutanen Kartaj asalinsu Finikiyawa ne, daga birnin Taya suka zo suka kafa garin. Harshensu ɗan'uwan Ibrananci ne na kusa, har Agustin, bishop na Hippo wanda ya rasu a shekarar 430, ya lura da kamancin, gama a zamaninsa ƙauyawan ƙasarsa suna jin harshen. Sunan Hannibal kashi biyu ne. Kashi na fari, "hann", alheri ne ko tagomashi. Shi ne tushen sunan Hannatu, mahaifiyar Sama'ila, da sunan Hananiya. Kashi na biyu, "bal", shi ne Ba'al, wanda ma'anarsa ubangida ko mai abu, sunan da mutanen Taya da Sidon suke kiran gunkinsu. Shi ne Ba'al ɗin da Yezebel, 'yar Etba'al sarkin Sidoniyawa, ta kawo gidan Ahab, wanda annabi Iliya ya yi karo da annabawansa a Dutsen Karmel. In aka haɗa kashin biyu, Hannibal yana nufin Ba'al ya yi alheri.

Akwai wani suna da aka gina daidai da wannan, sai dai da sunan Allah na Isra'ila. Shi ne Yohanan, wanda ya zama Yohanna, ma'anarsa Ubangiji ya yi alheri. Da Rashanci Yohanna shi ne Ivan. Abram kuwa ya sa wa babban ɗansa Ivan. Saboda haka cikakken sunan ɗan, Ivan Abramovich Gannibal, in aka warware shi, yana farawa da alherin Ubangiji, ya bi ta kan Abram, ya ƙare da alherin Ba'al. Da wuya firist ɗin da ya yi wa yaron baftisma ya san abin da ya haɗa a cikin littafin majami'a. Shi Abram ma ba gunkin Taya yake nema ba, jarumin yake nema.

Sauran harafin farko. Me ya sa Hannibal ya zama Gannibal? Rashanci ba shi da sautin "h" irin na Hausa ko na Jamusanci, saboda haka an daɗe ana rubuta "h" na baƙin sunaye da harafin "g". Birnin Hamburg a bakinsu Gamburg ne, ƙasar Holan kuma Gollandiya. Faransawa kuwa ba sa furta "h" sam, a wurinsu jarumin Annibal ne. Shi ya sa a tsofaffin takardu ake samun sunan gidan nan iri-iri, wani wuri Gannibal, wani wuri Ganibal, wani wuri kuma Annibal.

Dalilin zaɓen a fili yake. Turawan zamanin nan suna ganin baƙin mutum a matsayin bawa ko abin ado na fada. Amma akwai ɗan Afirka guda da kowane mai ilimi a cikinsu yake ambata da girmamawa, wanda ya sa Roma kanta ta yi rawar jiki. Abram bai ɓoye asalinsa ba, fatarsa ma ba za ta bari ba. Sai ya ɗauki abin da ake yi masa gori da shi, ya ɗora masa sunan da ba mai iya rainawa. Ibrahim da Bitrus da Petrov da arap, duk waɗansu ne suka sa masa. Wannan kaɗai ne ya zaɓa da kansa. Sai dai akwai tsada a ciki. Hannibal jikan baƙi ne da suka zo daga gaɓar Asiya suka zauna a bakin teku, tsakaninsa da ƙasar baƙar fata akwai faɗin Sahara duka. Sunan ya ce Afirka, amma bai faɗi garin Abram ba, daga baya ma ya taimaka wajen rufe shi.

Sau ɗaya Abram ya rubuta sunan garinsu a takardar hukuma. A ƙarshen 1741 Alisabatu, 'yar Sarki Bitrus, ta hau gadon sarauta, ta tuna da ɗan baftismar ubanta. Ta ba shi muƙamin manjo-janar, ta sa shi shugaban tsaron birnin Reval, wanda a yau ake kira Tallin, inda ya yi shekara 10. A 1742 ya rubuta takardar roƙo a tabbatar masa da sarautarsa, a kuma ba shi tambarin gida. A ciki ya bayyana cewa shi mutumin Afirka ne, ɗan babban gida, an haife shi a ƙasar ubansa a wani gari mai suna Lagon, uban kuma yana mulkin waɗansu garuruwa biyu ban da wannan. Tambarin da ya zana yana ɗauke da giwa, da waɗansu haruffa, FVMMO. Giwar tana iya zama ta Hannibal, tana kuma iya zama ta gida. Takardar ta daɗe a ofishi ba a amsa ba.

Bayan mutuwarsa, wani surukinsa mai suna Rotkirch ya rubuta tarihinsa da Jamusanci. Shi ne ya ce Abram ɗan sarkin Habasha ne, har ya ƙara da cewa jinin Hannibal na Kartaj ne. Wannan ƙari ba shi da tushe ko kaɗan, suna ne aka mai da shi asali. Amma maganar Habasha ta kama. A shekarar 1899 wani masani Barashe, Dimitri Anuchin, ya ƙarfafa ta, ya nemo wani yanki mai kama da sunan a ƙasar da take Iritiriya a yau. Dalilinsa bai tsaya ga takardu kaɗai ba. Yana cikin masu ganin cewa baƙin mutum na tsakiyar Afirka ba zai haifi irin wannan basira ba, saboda haka ya fi masa daɗi a ce daga Habasha ne, ƙasar Kirista mai tsohon rubutu. Abin kunya ne ga ilimi, amma haka littattafai suka yi ta maimaitawa kusan shekara 100.

A shekarar 1996 wani masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, wanda ya yi karatu a Rasha, ya buga littafi da Faransanci, ya ce Lagon ɗin nan shi ne Logon-Birni. Garin yana bakin kogin Logon, kudu da Kuseri, a arewacin Kamaru daf da iyakar Cadi. Tsohon gari ne na Kotoko mai ganuwa da sarki, kalmar "birni" da take jikin sunansa kuwa ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa ko Barbarci. A zamanin da ake magana, ƙasar tana tsakanin manya biyu, Barno da Bagarmi, hare-haren neman bayi kuma ba sa yankewa. Hanyar da ake bi da bayin sananniya ce. Daga Barno a bi ta Bilma da Kawar, a ratsa Fezan, a sauka Tarabulus, wadda take ƙarƙashin Turkawa, daga can kuma jirgin ruwa zuwa Santambul. Yaron da aka kama a bakin Logon yana iya isa fadar sarkin Turkawa ta wannan hanya ba tare da wani abin mamaki ba. Masu goyon bayan wannan ra'ayi sun ce FVMMO kalmar Kotoko ce mai nufin ƙasar haihuwa. Waɗansu kuwa sun ce haruffan farko ne na wata jimlar Latin mai cewa sa'a ta sāke rayuwata ƙwarai. Har yanzu akwai masu riƙe da Habasha, amma masana da yawa sun karkata ga Logon. A shekarar 2010 aka kafa allon tunawa da shi a La Fère, inda ya yi makaranta, Sarkin Logon-Birni kuma yana cikin waɗanda suka halarta.

Iyalin sun riƙe wani ɗan guntun labari da ya fi takardu taɓa zuciya. An ce har tsufansa Abram yana tuna wata 'yar'uwarsa da ta faɗa ruwa tana iyo, tana bin jirgin da ya tafi da shi. Sunanta a labarin Lagan. Mai karatu zai ji yadda ya yi kusa da sunan garin.

Sunan da ya zaɓa ya yi masa aiki. A 1756 ya zama shugaban injiniyoyin sojan Rasha, yana duba ganuwoyi da tashoshin jiragen ruwa da magudanar Ladoga. A 1759 ya kai muƙamin cikakken janar, hawa na biyu daga sama a tsarin Bitrus. Ya bar aiki a 1762, ya zauna a gonarsa ta Suida kusa da birnin Fitasbag, ya mutu a can a 1781 yana da shekara fiye da 80.

Amma tarihi ba kirari ba ne, dole a faɗi sauran. Matarsa ta fari, Ebdokiya Dioper, 'yar wani Baheleni mai tuƙin jirgi, an aurar masa da ita a 1731 ba da sonta ba. Ya zarge ta da cin amana, ya azabtar da ita, ya sa aka tsare ta shekara da shekaru. Tun ba a raba auren ba ya auri Kiristina Sjöberg, 'yar wani hafsa mai asalin Suwidin, a 1736. Sai a 1753 kotun ikkilisiya ta yanke shari'ar, ta ɗora masa tara da horon tuba, ita kuwa Ebdokiya aka kai ta gidan mata masu zuhudu har mutuwarta. Ban da wannan, a 1742 sarauniya ta ba shi ƙasar Mikhailovskoye a lardin Pskov tare da ɗaruruwan bayin gona. Wanda aka miƙa kyauta yana yaro, shi ne aka miƙa wa mutane kyauta da girmansa, ya kuwa karɓa kamar kowane mai sarauta na zamaninsa. A littafin ƙidaya ana rubuta su da sunan baftisma da na uba, yadda aka taɓa rubuta Abram Petrov.

Kiristina ta haifa masa 'ya'ya da yawa. Ivan, wanda aka ambata, ya zama babban hafsa. A 1770 ya ƙwace sansanin Navarino daga hannun Turkawa, ya kuma yi suna a yaƙin ruwa na Chesma, inda aka ƙone jiragensu, wato jiragen daular da ubansa ya yi bauta a fadarta. A 1778 aka ba shi aikin gina birnin Kherson a bakin kogin Dnieper. Ƙanensa Osip bai yi abin kirki sosai ba, sai dai ya haifi 'ya mai suna Nadezhda, ita kuwa ta auri Sergei Pushkin, ta haifi Aleksandar Pushkin a Mosko a shekarar 1799.

Pushkin bai gāji sunan Gannibal ba, gama ta wajen uwa ya fito, amma bai taɓa barin zancen kakan mahaifiyarsa ba. Sa'ad da hukuma ta tsare shi a Mikhailovskoye daga 1824 zuwa 1826, ya riƙa ziyartar Pyotr Abramovich, tsohon ɗan Abram da ya rage a maƙwabtaka, yana neman takardun gidan. A 1827 ya fara rubuta littafin ƙagaggen labari a kan baƙin mutumin Bitrus Babba, ya kira jarumin Ibrahim, amma bai gama shi ba. A 1830 wani ɗan jarida abokin gabansa, Bulgarin, ya yi masa habaici a jarida, cewa akwai wani mawaƙi mai taƙama da asali, alhali kuwa da kwalbar giya wani matuƙin jirgi ya sayi kakansa. Pushkin ya amsa da waƙa a kan zuriyarsa. Bai musa cewa an sayi kakan ba. Ya nuna cewa matuƙin nan shi ne Bitrus Babba, wanda ya tuƙa ƙasar Rasha duka, yaron kuma ya girma amintaccen sarki, ya haifi wanda ya ci Navarino.

Pushkin ya mutu a 1837 bayan raunin harsashi da ya samu a faɗan kare mutunci. Aka ɗauki gawarsa cikin sanyi zuwa lardin Pskov, aka binne shi a gidan sufaye na Svyatogorsk, kusa da Mikhailovskoye. Shekara ɗaya kafin haka, da ya kawo gawar mahaifiyarsa wurin, ya biya kuɗin wurin kabarinsa. Yana kwance a gefen Nadezhda, da kakarsa Mariya, da kakansa Osip Abramovich Gannibal.